Da Gemunka Kake Karatun Katun?

Wata Asabar kawuna ya zo daga Zariya bin sawun kuɗinsa na fansho, ya sauka wurina a Kubwa. Bayan la'asar ya tarar da ni a kan tabarma riƙe da littafi. Ya miƙo hannu, na ba shi. Ya juya shafi ɗaya, biyu, uku, bai ga komai ba sai zane: mutane baƙi ƙirin a kan fari fat, maganarsu tana fitowa daga baki cikin 'yan ƙawanya. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yanzu kai da gemunka da iyalinka, katun kake karantawa? Abin da Abuja ta mai da kai ke nan?" Ban ce uffan ba. Ya ci gaba da juyawa har ya kai wani shafi, sai ya rufe littafin da sauri kamar ya dafa garwashi. Ya yi a'uziyya, ya ce wannan ai ko babba bai kamata ya gani ba.

To, kun ji. Cikin minti ɗaya littafi ya tashi daga na yara ya koma wanda ya fi ƙarfin manya. Ku ma masu karatu na san kashi biyun nan kuka rabu, wasunku ma kamar kawu, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Malam mai cewa wasan yara ne, gyara zama. Hajiya mai cewa shaiɗanci ne, kada ki tashi tukuna, akwai inda zan ba ki gaskiya, amma sai kin jira.

Littafin Sin City ne, na wani Ba'amurke mai suna Frank Miller, wanda ya fara fitar da shi a 1991. In an so a fassara sunan sai a ce Birnin Zunubi. A 2005 Robert Rodriguez ya mai da shi fim, kuma yadda ya yi shi ne abin labari. Bai ba marubuta littafin su sake masa tsari ba. Shafukan zanen ya ajiye a gabansa ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya, inda mai zane ya sa inuwa ya sa inuwa, inda ya sa ruwan sama ya sa ruwan sama. Kusan duk fim ɗin a cikin ɗakin ɗaukar hoto aka yi shi a garin Austin na jihar Texas, 'yan wasa suna tsaye gaban koren ƙyalle, daga baya kwamfuta ta gina musu titi da bene da hadari. Da ya ce dole a rubuta sunan Miller a matsayin abokin ba da umarni, ƙungiyar daraktocin Amurka ta ce ƙa'idarta ba ta yarda ba, sai ya ajiye musu katinsu ya fice. Ku nuna mini daraktan da zai bar ƙungiya saboda haƙƙin marubuci, ni kuma in saya muku kilishin Area 1.

Fim ɗin fari da baƙi ne, sai jifa-jifa a ɗiga launi guda: jar rigar wata mace a baranda, shuɗin idon wata, ko wani mugu da jikinsa duk ya koma rawaya kamar an tsoma shi a kurkum. Na ji ka, Alhaji. Ka sayi talabijin mai faɗin ƙofar gareji, don me za a mai da kai zamanin akwatin da ake buga wa gefe kafin hoto ya tsaya? Ai ba talauci ne ya sa su ba. Fim ne da aka kashe wa dala miliyan 40, da Bruce Willis da Mickey Rourke da Jessica Alba a ciki. Cire launin aka yi da gangan, don idonka ya rasa wurin yawo, ya tafi kai tsaye inda ake so ya tafi. In mace ɗaya ce mai jar riga a duk garin, ba sai an gaya maka cewa ita ce fitinar ba.

Wannan salo yana da suna, nuwar, wato baƙi da Faransanci. Masu sharhin fim na Faransa ne suka raɗa shi a 1946, bayan yaƙin duniya ya ƙare, fina-finan Amurka da suka yi shekaru ba su gani ba suka iso musu a tare, irin su The Maltese Falcon na 1941 da Double Indemnity na 1944. Suka lura duk dare ne a cikinsu, duk hayaƙin sigari, ga ɗan sandan ciki da ya gaji da duniya, ga hatsabibiyar mace, ga attajirin da hannunsa ba ya taɓa jini amma kuɗinsa na taɓawa. Babban abin da ya raba su da sauran shi ne ƙarshe. Mu da muka tashi a kan dokar nan ta 'yan kallo, cewa akto ba ya mutuwa kuma dole bos ya sha kashi kafin a kunna fitila, nan ne za mu sha mamaki. A Sin City, Marv, ƙaton nan mai fuska kamar an fafe ta da gatari, ya rama kisan wata mace da ta yi masa kirki dare ɗaya tak, ladansa kujerar lantarki. Hartigan, ɗan sanda mai gaskiya ga ciwon zuciya, ya ceci yarinya 'yar shekara 11 daga hannun ɗan wani sanata. Abokin aikinsa ne ya harbe shi ta baya, aka ɗora masa laifin, ya yi shekara 8 a kurkuku. Shi kuwa sanata ko hularsa ba ta karkace ba.

Na ga wani ya gyara zama da na ce sanata. Sannu, Yallabai. Za mu dawo kanka.

Bari in fara da dattawa masu cewa wannan baƙon abu ne, ba mu gada ba. Baba, tsakaninka da Allah, tsakanin 1968 da 1972 ina kake kai kuɗin tararka? Ba mujallar African Film kake saya ba, ko ka yi layi wurin wanda ya saya? Ka manta da Lance Spearman, wanda kuke kira Spear, mai malafa da ɗan ƙullin wuya, sigari a baki, yana fafatawa da Rabon Zollo mako bayan mako? Kamfanin Drum ne yake buga ta, ana sayar da ita daga Legas har Nairobi. Hotuna ne fari da baƙi jere cikin akwatuna, magana tana fita daga bakin mutane cikin ƙawanya, daidai irin wadda ka gani a hannuna ka yi tsaki. Bambancin kawai naku hoton kyamara ne, nawa zanen alƙalami. Da Spear ya ɓace kuka koma James Hadley Chase, kuna naɗe bangon da takardar siminti don kada malamin aji ya ga matar da ke jiki. Yau kun yi furfura kun zama masu tsaron tarbiyya. Madalla. Laifi tudu ne.

In kuma kun ce wannan duk na 'yan boko ne, to mu koma gida. Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta a shekarun 1930, wane irin labari ne? Mai kuɗi ya ƙwace wa talaka budurwa, talaka ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi, sharrin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, yaro ya tashi ɓarawo har ya kashe ubansa bai sani ba. Wa ya ci riba a ciki? Babu. Wannan ai ko Miller sai ya sara. Kuma littafin makaranta ne, an yi mana jarrabawa a kansa. Ga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982, mai cike da bindiga da ƙwaya da ta'addancin bayan yaƙin basasa. Ashe duhun nan ba daga jirgi aka sauke mana shi ba.

Ku kuma 'yan fim ɗin Indiya da kuke dariya a gefe, ku matso. Wa ya raɗa wa Sanjay Dutt suna Ɗan Daba Mai Lasin? Faransawa? To fim ɗinsa Zinda na 2006, inda aka kulle mutum shekara da shekaru a ɗaki ba a gaya masa laifinsa ba, kwaikwayon wani fim ne na Koriya ta Kudu mai suna Oldboy, na Park Chan-wook, wanda ya ci ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan bikin Cannes a 2004. Shi kuma Oldboy daga littafin zane na Japan aka ɗauko shi. Kun ga ke nan kun daɗe kuna shan romon katun, naman ne kawai ba a nuna muku ba. Haka wanda ya kalli Road to Perdition na 2002 ya ce kai, Tom Hanks ya iya fim ɗin manya. Littafin zane ne na Max Allan Collins. A History of Violence na 2005 ma daga littafin zane aka ɗauko shi. Waɗannan biyun ba su yi wa kansu shigar fari da baƙi ba, shi ya sa suka wuce ta gabanku ba ku tare su ba.

Yanzu ga abin da ya sa nake kallon waɗannan abubuwa daga Abuja ina murmushi. Duk wanda ya ce irin wannan birni sai a zane, bai taɓa rasa mota a Berger da ƙarfe 10 na dare ba. Abuja da kanta zane ce. A takarda aka fara ta, da dokar soja ta Fabrairun 1976, aka kira masana suka ja layi, wani Bajapane mai suna Kenzo Tange ya tsara tsakiyarta, sannan aka kwaso gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991, shekarar da Miller ya fara zana nasa birnin. Da rana kyakkyawa ce kamar hoton kalanda. Da dare kuwa mai zane ba shi da sauran aiki. Ga titi mai layi huɗu ba kowa a kai, fitila ɗaya tana ci uku sun mutu. Ga katangar Maitama da Asokoro, haske a ciki kamar rana, waje kuwa maigadi ne da ɗan tocilansa. Ga benen da aka fara tun ina saurayi har yau ba tagogi, amma da dare ka hango kyandir a hawa na uku. Ga jerin baƙaƙen motoci masu baƙin gilashi, jiniya na kuka, ba ka san ko mai gidan yana ciki ba ko mai dafa masa abinci aka aika sayen tsire. Can kuma hanyar Nyanya da Mararaba, dubban da suka share birnin suka dafa masa suka tsare shi suna tururuwar fita, don an tsara shi ne su yi masa aiki, ba su kwana a cikinsa ba. Launi guda da za a ɗiga? Koriyar tasi mana. Ta tsaya a gabanka, mutum uku a ciki har da mace, kana tsaye kana lissafi: fasinjoji ne ko 'yan wan-cans? Wannan daƙiƙa biyar ɗin da kake yi kafin ka kama murfin ƙofa, ita ce nuwar. Ba sai an fassara maka daga Faransanci ba.

In ba ku son kore, akwai ja a cikin sunan garin ma. Abu Ja ne, Sarkin Zazzau na gidan Haɓe da ya kafa garinsa a 1828, aka ari sunan aka ba sabon birni, tsohon ya koma Suleja. Kanawa sai haƙuri, ko sunan babban birnin ƙasa wurinmu Zagezagi aka zo aro. Ku riƙe Kantin Kwari.

Sai dai ba don kyan hoto nake wannan dogon surutu ba. Abin da ya kama ni game da waɗannan fina-finai shi ne, habaici ne. Mu kuwa a nan duniya ba wanda zai koya mana habaici. Matan gida sun san shi, maroƙa sun ci abinci da shi, Gizo ya shekara ɗaruruwa yana yi wa sarakuna a bakin kakanninmu. Garin da ke cikin Sin City sunansa Basin City, ba ya cikin taswirar kowa. Sanatan nan, Roark, ba shi da mazaɓa. Ɗan'uwansa babban limamin coci ne da ke ɓoye mai kisan kai a gonarsu, shi ma ba wanda zai ce da shi ake. An zana hancin ya yi tsawo, an zana muguntar ta wuce misali, har mai kallo ya ce ai wannan ƙarya ce. A cikin ƙaryar nan ake cusa maganar da in an faɗe ta tsirara sai an kwana a ofishin 'yan sanda: cewa akwai gidajen da doka ke cire takalmi kafin ta shiga. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Mai kaza a aljihu kuma, kun san abin da ba ya jimiri. Yallabai, har yanzu kana nan?

Kuma takura ce ta haifi salon, wannan ya kamata 'yan Kannywood su ji da kyau. Fina-finan nuwar na farko an yi su ne a ƙarƙashin wata doka mai tsauri ta tace fina-finai da Hollywood ta fara aiki da ita sosai a 1934. Ba a nuna wannan, ba a faɗin wancan, mai laifi dole ya gamu da sakamako. Sai masu fim suka koma nuna inuwar hannu a bango maimakon wuƙa, hayaƙin sigari biyu maimakon abin da ya biyo baya. Littattafan zane su ma an yi musu tasu dokar a 1954, bayan majalisar dattawan Amurka ta zauna a kan zargin cewa suna lalata yara. Har cewa aka yi kada a zana ɗan sanda ko alƙali ta hanyar da za ta zubar musu da mutunci. Kun ji kamar kun taɓa jin irin wannan? A 2021 hukumar tace fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fim. Ni ba zan yi musu da niyyar ba. Amma ƙwacen waya bai karanta sanarwar ba. In an hana ka nuna wuƙa, ba a hana ka inuwa ba, kuma inuwa ta fi arha. Wanda ke shakkar ko ɗan Najeriya zai iya sarrafa fari da baƙi ya nemi Mami Wata na C.J. Obasi, wanda ya ciyo kyautar ɗaukar hoto a bikin Sundance a 2023.

A nan zan ajiye wasa kaɗan. Sin City ya fito a Afrilun 2005. Wata biyu bayan haka, a Yuni, 'yan sanda suka harbe matasa 6 a nan Abuja, maza 5 'yan kasuwar kayan mota ta Apo da budurwa ɗaya, suna dawowa daga yawon dare, abin ya faro a titin Gimbiya da ke Garki. Aka ce 'yan fashi ne. Kwamitin binciken da gwamnatin tarayya ta kafa ya ce ba haka ba ne. Shari'a ta yi kusan shekara 12, sai a Maris 2017 kotu ta yanke wa biyu hukuncin kisa, ta sallami uku. Duk wanda ya ce labarin Hartigan ya cika ƙari, ya je ya karanta wannan, sannan ya dawo mu yi maganar wane ne ya fi wani iya ƙirƙira, mai zane ko gari.

Hajiya, ga naki, na gode da haƙuri. Kin yi gaskiya, ba fim ne da za a kunna a falo yara na zaune ba, ni ma sai sun yi barci. Jinin ya yi yawa, ko da an mai da shi fari kamar nono. Matan Miller kuwa, kusan duk ko karuwa ko mai rawa a mashaya, ko da bindiga ce a hannunta sai an tabbatar tufafinta bai kai na ɗaurin kai ba. Wannan ba zurfin tunani ba ne, son zuciyar mai alƙalami ne, kuma shafin da kawu ya rufe ban ce ya sake buɗewa ba. Salon ma kansa yana gundura in ba magana a cikinsa. Da suka yi na biyu a 2014, inuwar tana nan, ruwan saman yana nan, 'yan kallo suka ƙi zuwa, ko kuɗin da aka zuba bai dawo ba. Miller ya gwada shi kaɗai da The Spirit a 2008, nan ma ba a kwashe da daɗi ba. Kwalliya ce kawai, ba amarya a ciki.

To amma wa ya ce in za mu yi namu sai mun kwafo tsiraicin? Habaicinmu bai taɓa buƙatar cire zane ba. Kayan aikin ma a warwatse suke a gabanmu. Abubakar Adam Ibrahim ya rubuta Season of Crimson Blossoms, ya ci kyautar adabi ta NLNG ta dala 100,000 a 2016: ga Reza shugaban 'yan daba mai sayar da wiwi a gefen Abuja, ga Hajiya Binta bazawara 'yar shekara 55, ga sanatan da ke aiken yaran ya kuma san yadda zai yi da su in sun gama amfani. Kamfanin Cassava Republic, wanda a nan Abuja aka kafa shi a 2006, ya buga littafin zane na manya a 2019, On Ajayi Crowther Street, na Elnathan John da mai zane Alaba Onajin, kan wani fasto da abin da ke ƙarƙashin rigarsa. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa a nan take, bikin fina-finai na Zuma a nan ake yi, ga silima a Jabi ga ta a tsakiyar gari. Marubuci yana Gwarimpa, mai zane yana Lugbe yana yi wa 'yan siyasa fosta, mai kyamara yana ɗaukar bikin 'yar wani a Maitama. Cunkoson hanya ne kawai ya hana su haɗuwa. Mu kuma muna nan muna jayayya ko mai gemu ya halatta ya kalli zane.

Kawu dai kwana huɗu ya yi. Kullum ya fita da sassafe da fayil a hammata, ya dawo da magariba an ce ya komo gobe, mai sa hannu ya yi tafiya. Daren da zai koma na idar da sallar isha na same shi ya ɗauko littafin da kansa, ya tsallake shafin nan da yatsa biyu kamar mai tsallake kwata, ya tsaya kan hoton wani mai ƙaton tumbi a bayan tebur, rabin fuskarsa a duhu. Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Wannan na san shi. Hawa na uku, ƙofa ta biyu a dama."

Na ce, "Kawu, wannan fa a Amurka aka zana shi."

Ya ce, "To can ma yana da ofis." Ya tura littafin cikin jakarsa, ƙarƙashin fayil ɗin fansho, ya ce in na zo Zariya da Babbar Sallah in karɓa.